Jirgin Balan-balan na Hedley Marrows

Ranar da gwiwar Hedley Marrows ta ci amanarsa a gaban mutane, yana kwance ne rub da ciki a tsakiyar Tekun Arewa, kumatu a manne da ƙasa, ido ɗaya a rufe.

Tekun nan tamfol ne shuɗi da ake shimfiɗawa a zauren cocin unguwarsu a Grimsby duk Asabar bayan abincin rana, in an ture kujeru jikin bango. A kansa ake jera jiragen yaƙi na dalma, wanda ya fi girma bai wuce tsawon tafin hannu ba. Dattawa su tuɓe takalma a bakin ƙofa, su shiga ruwa da safa, su sake tayar da yaƙin da Ingila da Jamus suka gwabza tun iyayensu na yara. Mai jirgi zai kwanta a bayan jirginsa, ya saita 'yar kibiyar kwali, ya ƙiyasta nisan abokin gaba da ido, ya faɗa kowa ya ji. Alƙalin wasan, Mista Pell, sai ya ja tef ya auna. In ƙiyasin ya dira kan jirgi, an same shi. In ya kauce, harsashi ya sha ruwa.

Hedley ya faɗi nasa, Mista Pell ya auna, aka ce ya samu. Sai ya yunƙura zai tashi. Gwiwar hagu ta ce ba da ita ba. Ya sake yunƙurawa, ya kai rabin hanya, ƙafar ta lanƙwashe, ya tafi luu ya zube ta gefe, gwiwar hannunsa ta sauka kan wani abu da ya ce ƙas.

Jirgin Cyril Dobbs ne. Ba na saye ba ne, Cyril da kansa ya ƙera shi. Hunturu guda ya kwashe yana kafa masa turaku da allura, yana ja masa igiyoyi da zaren da sai ka sa tabarau za ka gan shi. Mutum biyu suka kama Hedley ta hammata, suka ɗaga shi kamar buhun dankali, suka kai shi kujera. Babu wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi masa sauƙi. Cyril ya durƙusa ya tsince guntayen ɗaya bayan ɗaya cikin wani tsohon gwangwanin taba, ya rufe, ya ce babu komai. Da Hedley ya roƙi a ba shi ya gyara, sai ya ce ya gode, a bar shi kawai. Daga nan bai sake tayar da zancen ba, bai kuma sake tayar da wani zancen da Hedley ba, in ban da gaisuwa.

Hedley ɗan gidan teku ne da teku ta ƙi. Mahaifinsa da kawunnansa duk a jiragen kamun kifi suka yi rayuwa, masu tafiya can wajen ƙanƙara su yi makonni ba a ji ɗuriyarsu ba. Shi ma an ɗauke shi sau ɗaya yana saurayi. Tun jirgi bai bar bakin kogi ba ya fara amai, bai daina ba har aka dawo da shi kamar jiƙaƙƙen tsumma. Mahaifin ya dube shi sama da ƙasa, ya ce to, sai a nema masa abin yi a tudu. Aka kai shi wurin masu haɗa akwatunan kifi a tashar jiragen ruwa. Nan ya koyi zarto da guduma, nan kuma ya fara ganin Mavis, ɗaya daga cikin matan da ke saƙa ragar kamun kifi, wadda ta ce masa ta yarda ta aure shi ne don shi kaɗai ne saurayin garin da ba za ta riƙa tsayuwa a bakin ruwa tana jiransa ba. Da sana'ar kifi ta mutu, jirage suka yi tsatsa a tasha, ya koma gyaran ƙofofi da tagogin makarantu har ya yi ritaya. 'Ya'yansu biyu aiki ya kai su kudu, sai dai waya ranar Lahadi.

Wasan jiragen kuwa tun yana da gashi a ka ya shige shi. Wani abokin aiki ne ya ja shi zauren. Ya tarar da manyan mutane masu iyali suna rarrafe da safa, ya buɗe baki zai yi dariya, sai wani ya danƙa masa ɗan jirgi ya ce ɓangaren Jamus sun rasa mutum, ya riƙe wannan kafin a samu. Har yau ba a samu ba. Yakan ce wannan ne kaɗai tekun da bai taɓa tayar masa da zuciya ba. A kan tamfol ɗin ya yi abokan da yake da su, daga kansa kuma ya raka da yawansu makabarta.

Likita ya duba hoton gwiwar, ya ce za a iya rage masa ciwo, amma durƙuso ya ƙare.

Mavis ba ta ga abin tashin hankali ba. Ta ce ya zauna a kujera ya yi wasansa, wani ya riƙa tura masa jiragen. Ya yi mata bayani a hankali, kamar yadda ya saba yi mata shekara da shekaru ba ta saurare. Harbi sai a kwance. Kafin harbi kuma akwai hazo: labule ne mai tsayin ƙugu da ake gittawa a tsakiyar teku, kowane ɓangare na rarrafe a nasa gefen, bai san inda ɗayan ya dosa ba sai Mista Pell ya ce hazo ya yaye. Duk wanda ya miƙe tsaye ya ga komai, don haka ba a miƙewa. Na kan kujera ma yana gani. Ta ce to a sauya dokar mana. Ya dube ta kamar ta ce a matsar da ranar Kirsimeti.

Haka ya koma mai shayi. Akwai ɗan kicin a ƙarshen zauren mai taga da ake miƙo kofuna, nan ya tare. Kowa ya yi masa kirki. Wannan ya ce Kyaftin, shayinka ya fi na gida. Wancan ya ce ai da ma abin da ƙungiyar ta rasa ke nan. Kirkin ne ya fi damunsa, don irinsa ake yi wa wanda aka je dubiya. Ga shi daga tagar yana ganin teku gaba ɗaya, gaba da bayan labule. Wata Asabar ya tsaya da buta a hannu yana kallon Norman, kwamandan ɓangarensu, yana tura jiragen Jamus kai tsaye inda Cyril ya jera manyan jiragen Ingila yana jira. Ya cije leɓe har shayi ya malalo daga kofi. Da hazo ya yaye, aka yi musu kaca-kaca.

Bayan an watse, Mista Pell ya shigo kicin taya shi wanke kofuna. Hedley ya ce masa shi kam daga yau ya daina zuwa.

"Daga tagar nan ina ganin komai, ba halin ko tari in yi," in ji shi. "Gara in zauna a gida Mavis ta riƙa aike na kanti."

Mista Pell tsohon malamin makaranta ne, ba ya amsa magana sai ya cire tabarau ya goge. Ya goge, ya mayar.

"A yaƙin gaske ma akwai masu gani daga sama," ya ce. "Jamusawa na da jiragen balan-balan, dogayen nan, suna shawagi kan teku suna leƙo wa jiragen ruwansu hanya. Ba mu taɓa sa su a wasa ba don babu mai shi."

Hedley ya ajiye kofin da ke hannunsa. "Mai riƙe da shi ba sai ya durƙusa ba ke nan."

"Ni ban ce ba. Cewa na yi babu mai shi. Ka san dokarmu, abin da ba a gani a kan tamfol ba ya yaƙi. Ka kawo shi daidai ma'auni, a sa a gaban jama'a. In mutum ɗaya ya ƙi, shi ke nan, an ƙi."

Babu wanda ya ambaci sunan mutum ɗayan. Cyril ne mai yawo da rular ƙarfe a aljihun gaba, shi ne ya taɓa mayar da jirgin wani gida don bututun hayaƙinsa ya yi tsawo.

Ma'aunin nasu ɗaya ne, ba a taɓa shi: abin da ya kai taku dubu da ɗari biyu a gaske, taku ɗaya ne a kan tamfol. Hedley ya fara da kantin kayan wasa na cikin gari. Mai kantin ya saurare shi da kyau, ya shiga ciki, ya fito masa da jirgin sama mai fukafukai. Sai Mavis ta kai shi a mota zuwa babban taron masu irin wannan wasa da ake yi a wani gari, zaure cike da tebura, sojojin dalma da tankoki da jiragen ruwa har ido ya gaji. Ya bi su tebur-tebur yana dogara sanda. Wani yana da jirgin balan-balan, amma tsawonsa ya kai hannun mutum, inuwarsa kaɗai za ta rufe rundunar Ingila. Wani ya zazzago masa nasa daga 'yar leda, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Na ukun ya ce ai akwai wani dattijo a kudu da ke zuba su daidai wannan ma'aunin, kyawawa kuwa, sai dai ya rasu, kuma babu wanda ya san inda matarsa ta kai kayan aikinsa.

A hanyar dawowa suka tsaya suka sayi soyayyen kifi da dankali, suka ci a cikin mota ruwa na dukan gilashi. Hedley bai ci rabin nasa ba.

"Ni abin da ban gane ba," in ji Mavis tana lasar gishiri a yatsa, "mutumin da ya ƙare rayuwarsa da katako a hannu, shi ne yake bin 'yan tebur yana roƙo."

"Ni mai akwati ne, Mavis. Kusurwa huɗu na sani. Abin nan ba shi da kusurwa ko ɗaya."

"To ka koya. Ba zan iya da kai a gida ranar Asabar ba, ranar ce kaɗai nake jin rediyona."

Ya aro littafi mai hotuna a laburare, ya shige 'yar rumfarsa ta bayan gida. Na farko da ƙotar tsintsiya ya yi shi. Ya fito da nauyi kamar taɓarya, Mavis kuma ta ga tsintsiyarta ta gajarce, aka yi ƙaramin yaƙi a kan haka. Na biyu da kwanson sigari na gwangwani, yana matsa shi ya lotse. Sai ya samo katakon nan mara nauyi da ake kira balsa, wanda farce ma yana shiga. Ya soke shi da ƙusa, ya ɗaura a bakin injin huda, ya kunna, katakon na juyawa shi kuma yana rungume shi da samfefa. Ƙura ta cika rumfar, ta cika masa gira. Ɗaya ya tsinke biyu ya bugi taga. Ɗaya ya fito ciki a gaba kamar ɗan tsako ya ƙoshi. Ya jera su a kan kanta, Mavis in ta kawo shayi sai ta tsaya ta ba kowanne suna: wannan karas, wannan kokwamba, wannan kuma ba za ta faɗa ba.

Da makonni suka tafi hannunsa ya gane abin. Ya fitar da ɗaya mai kyau, hanci a dunƙule, jela a tsuke, tsawonsa daidai da lissafi. Amma da ya ajiye shi kusa da hoton littafin sai ya ga da sauran aiki. Na hoton ba sumul yake kamar ƙwai ba, yana da layuka dogaye daga hanci zuwa jela, inda ƙarafunan ciki suka turo yadin. Ya gwada ja da fensir, layin ya tafi kamar hanyar tururuwa.

Mavis ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Ta ce ya matsa. Ta ɗauko zaren ɗinki, ta tsoma a gam, ta kama bakinsa da haƙori, ta ja shi daga hanci zuwa jela ta kwantar, ta sake jan wani a gefensa. Yatsun da suka saƙa raga ba su manta ba. Tana yi tana ba shi labarin kakarta, wadda ta ce ta taɓa ɓuya a ƙarƙashin tebur da 'ya'yanta lokacin da irin wannan ya wuce ta saman gari yana gurnani.

"Yau ga jikarta tana yi masa kitso," ta ce. "Allah ya sa ba ta gani."

Ya yanka masa jela da kwali, ya manna 'yan ɗakunan matuƙa a ƙarƙashi da guntayen ashana, ya shafa fenti ruwan toka. Saura abin da zai riƙe shi a sama. Ya narka dalma ya yi masa gindi mai faɗi, ya kafa waya, ya tsaya yana tunanin tsayinta. Duk lokacin da ya ƙara mata tsawo sai ya ga abin yana layi, sai ya ji ƙas ɗin nan a kunnensa. Ya yi ta rage ta har ta dawo kamu ɗaya. Ya ture shi da yatsa, bai faɗi ba. Ya ture da ƙarfi, bai faɗi ba. Ya ce yawwa.

Ranar Asabar aka tashi da ruwa. Ya sa jirgin cikin kwalin takalmi, ya kewaye shi da auduga, ya rungume a ƙarƙashin kwat. A zauren an riga an shimfiɗa teku, an gitta labule. Mista Pell ya tafa hannu ya ce kafin a fara akwai abin da za a duba. Hedley ya buɗe kwalin a kan tebur, ya kafa jirgin a kan wayarsa, ya ja da baya.

Aka kewaye shi. Norman ya sunkuya ya shinshina, ya tambaya ko a soye ake ci ko a dafe. Wani ya ce a'a, wannan ai sai da burodi. Amma suna tsokanar suna miƙa wuya, kuma babu wanda ya kai hannu, don a wurinsu abin da aka raina shi ake taɓawa. Hedley bai ji ko ɗaya ba. Cyril yake kallo.

Cyril ya zaro rula. Ya auna tsawo, ya duba wata 'yar takarda, ya auna kauri. Ya karkata kai ya bi layukan zaren da ido tun daga hanci har jela.

"Tsawo daidai. Kauri daidai," ya ce. "Wa ya ja layukan nan?"

"Mavis."

"Na ga alama."

Aka yi 'yar dariya. Hedley ya ji numfashinsa ya fara sauka. Sai Cyril ya ɗauki jirgin da gindinsa, a hankali, ya taka zuwa tsakiyar teku, ya ajiye shi a ƙasa jikin labule. Ya ja da baya.

Kowa ya gani. Labulen ya kai ƙugu. Jirgin a kan wayarsa da kyar ya kai gwiwa.

"A cikin hazo yake tafiya, Hedley," in ji Cyril. "Me zai gani daga nan? A wannan tsayin ko mai dafa wa matuƙa abinci zai kakkaɓo shi da dankali. In za a bi ma'auni, wurinsa can ne." Ya nuna saman ƙofa da rula.

Hedley ya dubi saman ƙofar, ya dubi wayarsa. Makonni ya yi yana auna jikin abin nan, bai taɓa auna iskar da ke ƙarƙashinsa ba.

"Waya mai wannan tsawo ba za ta tsaya ba," ya ce. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa. "Wani ya gifta, ta kife kan jiragen mutane. Na riga na karya ɗaya, ya isa."

Ruwa na ta dukan rufi. Mista Pell ya cire tabarau ya shiga gogewa, gogewar da ba ta ƙarewa. Norman ya fara cewa ai ana iya ɗauke kai a kan wannan, amma bai kai ƙarshe ba, don shi ma ya san ba a taɓa ɗauke kai a kan komai ba a zauren nan, kuma da an yi, Hedley ne zai fara ƙi. Hedley ya dogara sanda ya je ya sunkuya da kyar ya ɗauko jirginsa. Ya fara gyara audugar cikin kwali. Yana tunanin Asabar mai zuwa, da wadda ke bayanta, da kujerar falo da ke kallon titi.

Ƙofar waje ta buga. Cyril ne ya fita, ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Wani ya ce a bi shi, Norman ya ce a ƙyale shi. Hedley ya rufe kwali. Abin da ya rage masa kawai ya nemo kwat ɗinsa ya fita ba tare da ya haɗa ido da kowa ba, ga shi kwat ɗin yana can ƙarshen zaure, sai ya ratsa kowa. Yana cikin wannan lissafi ƙofar ta sake buɗewa.

Cyril ya shigo ruwa na ɗiga daga hancinsa, riƙe da doguwar sandar fatsa da ya ciro daga bayan motarsa. Ya ratsa tsakiyar teku, safarsa na barin sawu a kan tamfol, caɓal caɓal. Norman ya ce yau dai an ga ruwan gaske a tekun nan. Cyril bai kula shi ba. Ya haɗa sandar, ya warware zaren fatsa, ya miƙa wa Hedley bakinsa.

"Cire wayar nan ka ɗaure shi ta tsakiya. Ka zauna a bakin teku ka miƙa shi sama. Abin da ke rataye ba ya kifewa."

Hedley ya karɓi zaren, ya tsaya riƙe da shi kamar bai san amfaninsa ba.

"Na zaci ba ka son ganina a nan," ya ce.

"Wa ya ce? Cewa na yi yana cikin hazo. Yana ciki ko ba ya ciki?"

"Yana ciki."

"To. Ɗaure."

Sai da ya yi ƙullin sau biyu. Aka jawo masa kujera bakin tamfol. Ya zauna, ya kafa gindin sandar a cinya, ya ɗaga. Jirgin ya bar tebur, ya yi ɗan juyi, ya haura sama da kawunan mutane, ya tafi a hankali har ya tsaya bisa labule, inuwarsa ta faɗa kan ruwa. Dattawan duk suka ɗaga kai, bakuna a buɗe. Mista Pell ya mayar da tabarau ya tambaya ko akwai mai ja. Babu.

Wato babu mai ja a kan jirgin. A kan dokokinsa kuwa sai da aka kusa cinye yinin. Aka yi gardama kan iyakar abin da zai iya gani, aka tsaya a kan abin da ke ƙarƙashinsa kawai, sauran Hedley ya kawar da kai bisa amana. Aka yi gardama kan yadda zai isar da labari, aka ce ya raɗa wa Norman a kunne sau ɗaya a kowane zagaye, kuma in Mista Pell ya ga dama ya ce saƙon ya ɓace a hanya. Ana cikin haka mai sharar coci ta buɗo ƙofa ta leƙo, iska ta shigo ta kwashi jirgin ta yi gabas da shi. Aka juya ga alƙali. Ya ce iska ce, kuma a yaƙin gaske ma iska ba ta neman izini. Hedley na zaune a tsakiyar hayaniyar, ana nuna shi da yatsa, ana ce masa kai ba ka isa ka ga wannan ba, kai rufe ido. Rabon da a daka masa tsawa haka tun kafin gwiwar. Ya ji daɗinta har cikin ƙashi.

Aka fara. Ya tura jirginsa bayan hazo, ya hango manyan jiragen Ingila sun yi layi ta arewa. Norman ya rarrafo, Hedley ya sunkuya ya raɗa masa. Norman ya gyaɗa kai irin na manya, ya koma, ya juya rundunarsa ta nufi arewa tiryan-tiryan. Daga baya ya ce shi ya ɗauka can aka ce babu kowa. Aka sake yi musu kaca-kaca, har fiye da na wancan karon. Hedley ya gaya masa abin da yake tunani game da kunnensa da ƙwaƙwalwarsa, Norman ya rama, Mista Pell ya raba. Wani ne ya dafa shayi, ya fito kamar ruwan wanke kwano, Hedley ya shanye har ya nemi ƙari. Kafaɗarsa na zogi saboda riƙon sanda, bai damu ba.

Da aka tashi, ana naɗe labule, ya zauna yana kwance ƙullin. Cyril ne na ƙarshe a kan tamfol. Ya gama zuba jiragensa a akwati, ya dafa ƙasa zai tashi, ya dakata. Ya sauya ƙafa, ya sake dakatawa. Sai ya rarrafo zuwa kujerar da ke kusa da Hedley, ya kama ƙafarta, ya ja jikinsa sama a hankali, haƙora a cije. Hedley ya mayar da idonsa kan ƙullinsa har sai da ya ji mutumin ya zauna.

Cyril ya shiga murza gwiwa ta cikin wando.

"Ba adalci ba ne ɓangare ɗaya ya riƙa gani daga sama," ya ce can.

"Haka ne."

"Mu ma muna da namu a lokacin. Gajeru ne, masu ciki. Ba su kai naku kyau ba."

"Ina da wani mai ciki a kan kanta. Mavis na kiransa ɗan tsako. In an rage masa kaɗan zai yi."

"Zan kawo maka awon."

"Wa zai riƙe muku shi?"

Cyril ya cire jiƙaƙƙiyar safarsa ɗaya, ya matse ta a ƙasa, ya duba ta kamar amsar na ciki.

"Ina da wata sandar a gida," ya ce. "Ba yanzu ba. Amma ka fara."

Hedley ya ce zai fara ranar Litinin. Ya kwantar da jirginsa cikin auduga, ya tambayi Mista Pell inda za a riƙa ajiye sandar a zauren, don kada a yi ta yawo da ita duk mako.